Girka kwamfaila da gina laburaren tagogi daga tushe: inda gizo ke saƙa

Mai koyon C ko C++ yakan daɗe yana rubuta ƙananan manhajojin da ba su wuce baƙin allon umarni ba, a shigar da lamba a fito da amsa. Ranar da ya ce yana son manhajarsa ta buɗe taga mai maɓallai da akwatin rubutu da jerin zaɓi a sama, ranar zai gane cewa harshen da yake koyo bai san wani abu wai shi taga ba. Ƙa'idar C++ ba ta tanadi taga ko maɓalli ba. Kowace babbar manhaja da irin hanyarta: Windows na da Win32, macOS na da Cocoa, Linux kuma na bi ta X11 ko Wayland. Laburaren tagogi shi ke shiga tsakani, ka rubuta kod ɗinka sau ɗaya, shi kuma ya san yadda zai yi magana da kowacce.

Samun laburaren ba wuya, kyauta ake sauke shi. Wahalar tana wajen sa shi ya yi aiki da kwamfailar da ke kan na'urarka, wato manhajar da ke juya kod ɗin da ka rubuta zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. A nan mutane da yawa ke sarewa, su ɗauka kansu ne ba ya ja, alhali ko layin farko na manhajar ba su kai ga rubutawa ba. Wannan yana damuna, domin matsalar tana da kan gado idan an bi ta a hankali. Kusan duk kurakuran da ke fitowa a wannan aiki daga rashin jituwa suke tsakanin abu uku: kwamfaila, da laburare, da manhajar da kake rubutawa. Dole laburaren da manhajar su fito daga kwamfaila ɗaya, da saiti ɗaya. Wanda ya riƙe wannan, saƙon kuskure zai daina ba shi tsoro, ya koma abin karantawa.

Abin da ke faruwa idan an ce a gina

Abin da muke kira kwamfaila a taƙaice manhajoji huɗu ne masu miƙa wa juna aiki. Ta farko mai share fage ce, ita ke kula da duk layin da ya fara da alamar #. Idan ta ga #include <wx/wx.h>, sai ta nemo wannan fayil ta kwafe duk abin da ke cikinsa ta liƙa a daidai wurin, haka ma duk fayilolin da shi ma ya kira. Shi ya sa fayil mai layi talatin kan koma dubban layuka kafin a fara komai, kuma kana iya gani da idonka da umarnin g++ -E. Ta biyu ita ce kwamfaila ta ainihi, wadda a GCC ake kira cc1plus idan C++ ne; ita ke juya kod zuwa harshen asembli. Ta uku ta mayar da wannan zuwa lambobin da firosesa ke ganewa, ta zuba su a fayil mai ƙarewa da .o ko .obj. Ta huɗu ita ce linka, mai ɗinke waɗannan fayiloli da laburare su zama manhaja guda.

Fayilolin .h sanarwa kawai suke ɗauke da ita: akwai aiki mai suna kaza, yana karɓar kaza, yana mayar da kaza. Gangar jikin aikin tana cikin laburaren da aka gina. Saboda haka kuskure kan zo a lokuta uku mabambanta, kuma kowane da maganinsa. In ka ga "No such file or directory" a kan fayil ɗin .h, mai share fage ce ba ta san foldar da za ta duba ba, kuma da zaɓin -I a umarnin kwamfaila ake nuna mata. In ka ga "undefined reference to", ko LNK2019 a kwamfailar Microsoft, to kod ɗinka ya wuce lafiya, linka ce ta nemi gangar jikin aikin ta rasa, kuma da -L da -l ake nuna mata. In kuwa manhaja ta ginu amma ta ƙi tashi, kwamfaila ta gama nata, babbar manhaja ce ta kasa samo fayil ɗin laburaren a lokacin buɗewa. Mutum na iya ɓata yini yana gyara kod ɗin da babu abin da ya same shi don kawai bai bambance waɗannan ukun ba.

Laburare babba fayiloli ɗaruruwa ne, ba mai kiran kwamfaila a kan kowanne da hannu. Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs a 1976 don wannan: ta duba wane fayil ya canza, ta sake gina shi da abin da ya dogara a kansa kaɗai. CMake, wadda kamfanin Kitware ya fito da ita a 2000, ba ta gini da kanta. Bincika na'urarka take yi, ta rubuta fayilolin da make ko Ninja ko Visual Studio za su bi.

Girka kwamfaila

Manyan kwamfailolin C++ uku ne. GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU. Clang, wadda ke kan LLVM, aikin da Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Illinois a 2000. Sai MSVC ta Microsoft, mai zuwa da Visual Studio.

A Linux abin ba ya ɗaukar lokaci. A Debian da Ubuntu, sudo apt install build-essential cmake ninja-build pkg-config ya wadatar. A Fedora ƙunshin gcc-c++ ake nema. A macOS, xcode-select --install zai kawo Clang, kuma a sani cewa ko ka rubuta gcc a can, Clang ɗin ce ke amsawa.

A Windows ne maganar take da tsawo. Wanda ya zaɓi MSVC ba dole ya sauke Visual Studio gaba ɗaya ba, akwai Build Tools. Sai dai cl.exe ba ta aiki daga kowace tagar umarni, sai wadda aka shirya mata, kamar x64 Native Tools Command Prompt, domin ita ke saita inda fayilolin .h da laburaren Windows suke. Wanda ya zaɓi GCC kuma zai ci karo da sunaye biyu masu kama, dukansu GCC ce da aka shirya don Windows: MinGW na asali, wanda ya tsaya a manhajojin bit 32, da MinGW-w64, wanda ke gina 32 da 64. Na biyun ake so. Hanyar da na fi amincewa da ita wajen samunsa ita ce MSYS2, saboda tana da manajan ƙunshi, pacman, mai sabunta komai tare. Bayan girkawa a C:\msys64, a buɗe tagar UCRT64 a rubuta:

pacman -Syu
pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-toolchain mingw-w64-ucrt-x86_64-cmake mingw-w64-ucrt-x86_64-ninja

A lura da wannan dogon sunan, ba ado ba ne. MSYS2 na da mahalli fiye da ɗaya, kowanne da kwamfailarsa da laburarensa. UCRT64 na dogara da sabon laburaren C na Windows, wanda ya zo da Visual Studio 2015 da Windows 10, shi kuwa MINGW64 na dogara da tsohon msvcrt.dll. Tun 2022 UCRT64 ne MSYS2 ke ba da shawarar a bi. Akwai kuma ƙunshi mai suna gcc kawai, ba tare da wannan dogon gabatarwa ba, kuma shi tarko ne ga sabon shiga: manhajar da aka gina da shi tana buƙatar msys-2.0.dll, don ayyukan cikin MSYS2 aka yi shi, ba don manhajar da za ka ba wani ba.

Kafin a taɓa laburare, a tabbatar wace kwamfaila ce ke amsa kira. Umarnin where g++ a Windows, ko which -a g++ a Linux da cikin MSYS2, zai jero duk waɗanda ke kan PATH, wato jerin foldojin da na'ura ke dubawa idan ka kira manhaja da sunanta, kuma ta sama ita ke aiki. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da biyu ko uku, domin wasu manhajoji na zuwa da tasu GCC: Strawberry Perl na da ita, akwai kuma sigar Code::Blocks mai zuwa da MinGW a ciki. Sai g++ --version da g++ -dumpmachine. Na biyun ya kamata ya nuna x86_64-w64-mingw32. Daga nan a rubuta manhaja mai layi biyar, a gina ta, a gudanar. In wannan bai yi ba, babu amfanin ci gaba.

Wani kan tambaya ko ita kwamfailar ma sai an gina ta daga tushe, wato daga ainihin kod ɗin da aka rubuta ta da shi. Ana iyawa, amma sai da wata kwamfaila a hannu, kuma GCC kan gina kanta sau uku ta kwatanta zagaye na biyu da na uku don tabbatar da sun zo daidai. Aiki ne na masu haɗa babbar manhaja. Mai son taga ba ya buƙatarsa.

Wane laburare, kuma don me daga tushe

Qt ta fito daga Norwe, hannun Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, aka sake ta ga jama'a a 1995. A kanta KDE da VLC suke. GTK an faro ta ne don manhajar zane ta GIMP, kuma ita ce ginshiƙin GNOME. FLTK ƙarama ce, tana ginuwa cikin 'yan mintuna, tana zana maɓallanta da kanta. wxWidgets kuwa Julian Smart ya faro ta a Jami'ar Edinburgh a 1992 da sunan wxWindows, aka sauya sunan a 2004. Ita maɓallan ainihi na kowace babbar manhaja take arowa, kuma da ita aka rubuta FileZilla da KiCad da Code::Blocks. Da ita zan yi misali, domin tana tsaka-tsaki: ta isa ta nuna duk matsalolin da ake gamuwa da su, ba ta kuma kai nauyin Qt ba, wadda sashenta na QtWebEngine kaɗai Chromium ne sukutum, yana cin sa'o'i. GTK kuma, gina ta a Windows yana nufin gina GLib da Pango da Cairo da HarfBuzz da sauransu tukuna, don haka a can gara a ɗauko ta daga pacman.

Gaskiya ma, in manajan ƙunshinka na da sigar da kake so, wadda aka gina da kwamfailar da kake amfani da ita, ɗauko ta kawai. Gini daga tushe yana da dalili ne idan kana son sigar da ba ta iso ba, ko kana son a ɗinke laburaren cikin manhajarka, ko kana son bin sawun kuskure har cikin kod ɗin laburaren, ko kuma, wanda ya fi yawa, ginannen da ka samu ba da irin kwamfailarka aka yi shi ba.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. C++ ta yarda ayyuka biyu su yi suna ɗaya muddin abin da suke karɓa ya bambanta, ita kuwa linka suna kaɗai ta sani. Don haka kwamfaila kan cusa bayanin aikin cikin sunansa. A ce ka rubuta int tara(int, int). GCC da Clang a Linux za su adana shi da sunan _Z4taraii: lambar 4 tsawon sunan ce, i biyun kuma int biyu ne. MSVC za ta adana wannan aikin dai da sunan ?tara@@YAHHH@Z. In laburare ya fito daga MSVC, manhajarka ta fito daga GCC, linka za ta nemi na farko a inda na biyu kaɗai yake, ta ce "undefined reference", alhali fayil ɗin na nan a gabanta. Kuma ba suna kaɗai ba ne. Yadda ake shimfiɗa aji a ƙwaƙwalwa, da yadda ake jefa kuskure a cafke shi, da siffar std::string, duk sun bambanta. Wannan yarjejeniya ta ƙarƙashin ƙasa ita ake kira ABI, kuma ƙa'idar C++ ba ta kayyade ta ba.

Ko a cikin gida ɗaya ana samun saɓani. GCC 5, a 2015, ta sauya siffar std::string, shi ya sa in ka ga __cxx11 a cikin saƙon "undefined reference", ka zargi tsohon laburare. Kwamfailolin MinGW-w64 da ake rabawa sun bambanta a hanyar cafke kuskure, akwai SEH da SJLJ da DWARF, sun kuma bambanta a tsarin zaren aiki, posix ko win32. A ɓangaren Microsoft, daga Visual Studio 2015 zuwa 2022 an riƙe jituwa, amma in ka gauraya zaɓin /MD da na /MT, masu fayyace yadda ake haɗa laburaren C, ko ginin Debug na neman kuskure da na Release na rabawa, kuskuren LNK2038 zai fito. Gina laburare da hannunka yana kashe duk wannan a lokaci ɗaya, tunda kwamfailar da ta gina shi ita za ta gina manhajarka.

Saukewa da tsarawa

A sauke rubutun tushen daga shafin wxWidgets, ko da git. Mai amfani da git ya tuna da --recurse-submodules, domin zlib da libpng da libjpeg da libtiff da expat da sauran ƙananan laburaren da wxWidgets ke tafe da su a ma'aji daban suke. Fayil ɗin da GitHub ke haɗawa da kansa mai suna "Source code" ba ya ɗauke da su. Foldojinsu za su zo wayam, gini ya tsaya tun bai yi nisa ba. A zaɓi tsayayyar siga kamar jerin 3.2, wanda ya fara fitowa a Yulin 2022. A wxWidgets, lamba ta biyu in ta rabu biyu daidai, kamar 3.0 da 3.2, jerin tsayayye ne, 3.1 da 3.3 na gwaji ne.

A ajiye shi a gajeriyar hanya marar tazara, kamar C:\src\wx. Tazara a sunan folda tana rikita tsofaffin fayilolin make, sannan Windows na da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 a tsawon hanya, wadda har yanzu wasu kayan aiki ke tuntuɓe da ita.

Mai Linux sai ya girka libgtk-3-dev, ko gtk3-devel a Fedora, domin a can wxWidgets a kan GTK take hawa. Samun GTK a kan na'ura bai isa ba: ƙunshin da manhajoji ke gudana da shi daban, mai ɗauke da fayilolin .h daban, shi ne mai -dev a ƙarshe.

Sai tsarawa, kuma a nan ne tun ran gini ran zane. Ga misali da CMake:

cmake -S . -B gini -G Ninja -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release -DwxBUILD_SHARED=ON -DwxBUILD_SAMPLES=SOME -DCMAKE_INSTALL_PREFIX=C:/wx32

-B gini na nufin duk abin da za a samar ya zauna a foldarsa, kada ya gauraya da tushen. In abu ya lalace, ka goge foldar ka sake. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin CMake na rubuta kwamfailar da ta gani a karon farko cikin CMakeCache.txt, kuma ko ka gyara PATH daga baya, da tsohuwar za ta ci gaba.

wxBUILD_SHARED shi ne zaɓi mafi nauyi. In ON ne, laburaren zai fito a matsayin fayilolin .dll ko .so ko .dylib masu zaman kansu, manhajarka ta kira su a lokacin tashi. Haɗawa na sauri, manhajoji da yawa na iya tarayya a kansu, amma dole su bi manhajar duk inda ta je. In OFF ne, linka za ta ɗinke abin da ake buƙata cikin fayil guda. Akwai batun lasisi a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba. Lasisin wxWidgets ya yarda a ɗinke ta cikin manhajar da ba a buɗe tushenta ba. Qt ta kyauta kuwa yawancinta a ƙarƙashin LGPL take, wanda ke buƙatar mai amfani ya iya musanya laburaren da nasa, kuma cika wannan sharaɗi ya fi sauƙi da laburare mai zaman kansa.

CMAKE_INSTALL_PREFIX shi ne inda za a ajiye sakamakon. A Linux, in ba a faɗa ba, /usr/local ne. Na fi son folda a cikin gidan mai amfani, kamar $HOME/wx32, saboda ba ta buƙatar sudo, ba ta karo da abin da manajan ƙunshi ya girka, kuma cire ta goge folda ne kawai. Tsohuwar hanyar configure ma tana nan, ../configure --with-gtk=3 --prefix=$HOME/wx32 daga cikin foldar gini.

Ko wacce aka bi, a karanta abin da ta rubuta a ƙarshe. Matakin tsarawa ba ya tsayawa don ya rasa abin da ba dole ba. In bai ga WebKitGTK ko GStreamer ko fayilolin OpenGL ba, yakan kashe sashen da ke buƙatarsu ya wuce. Sai bayan makonni, ranar da ka nemi wxWebView, ka tarar babu shi a laburarenka. Dalilin kowane rashi yana cikin config.log ga mai configure.

Ginin kansa

cmake --build gini
cmake --install gini

Ninja na raba aikin ga duk ƙwayoyin firosesa da kanta. Da make sai ka ce -j4 ko -j8. Kowace cc1plus da ke gudana tana cin nata rabon RAM, kuma C++ ba ta da tsimi. In ka ga "Killed signal terminated program cc1plus", ba kod ne ya lalace ba, ƙwaƙwalwa ce ta ƙare Linux ya kashe aikin. A rage zuwa -j2. Gargaɗi zai yi ta wucewa, a ƙyale shi. In gini ya tsaya, kuskuren farko ake nema, ba na ƙarshe ba. Layin ƙarshe yakan ce gini ya gaza ne kawai, kuma idan ana gini da yawa a lokaci ɗaya ainihin dalilin na iya kasancewa can sama da nisa.

Yawancin tsofaffin darussa na Windows hanyar build\msw suke koyarwa, da mingw32-make -f makefile.gcc BUILD=release SHARED=1. Tana aiki har yanzu, amma an rubuta wannan fayil ne don cmd.exe, kuma in sh.exe na kan PATH umarninsa kan rikice. Haka nan kafin a sa -j sai an fara gina setup_h shi kaɗai.

Da an gama, a gwada samfurin minimal da ke zuwa da laburaren. In tagarsa ta buɗe, laburaren lafiyarsa ƙalau, duk abin da ya biyo baya daga saitin manhajarka yake. Wannan gwajin na minti ɗaya yana raba matsala gida biyu.

Fayil ɗin da ba ya inda ake nemansa

Kuskuren da kusan kowa ke fara cin karo da shi a wxWidgets shi ne "wx/setup.h: No such file or directory". Mutum ya nuna foldar include daidai, ya leƙa include\wx, ya ga fayiloli ɗaruruwa amma babu setup.h. Ba ɓata ya yi ba. Wannan fayil shi ke ɗauke da zaɓuɓɓukan da aka yi a lokacin gini, wane sashe aka kunna wane aka kashe, don haka kowane gini da nasa, kuma kusa da laburaren ake ajiye shi. A ginin makefile.gcc yana lib\gcc_dll\mswu\wx\setup.h, na Debug a mswud, na ɗinkakken laburare a ƙarƙashin gcc_lib. A Linux yana lib/wx/include/gtk3-unicode-3.2. Ke nan folda biyu ake ba -I, ta setup.h a gaba. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a kwafe shi a jefa cikin include\wx, ina roƙon a guje ta. Kuskuren zai ɓace a ranar, amma ranar da ka yi gini na biyu da wani saiti, manhajarka za ta karanta zaɓuɓɓukan wancan ta haɗu da laburaren wannan. In ka yi sa'a wxWidgets ta kama ka tun a tashi da saƙon "Mismatch between the program and library build versions detected". In ba ka yi ba, manhajar ta riƙa faɗuwa a wuraren da ba su da alaƙa da dalilin.

Sunayen fayilolin ma bayani ne. A wxmsw32ud_core, msw Windows ne, 32 siga 3.2 ce ba bit 32 ba, u Unicode, d Debug, core kuma sashen tagogi. wxbase32u shi ne sashen da ba ruwansa da taga.

A Linux da macOS ba sai ka haddace komai ba, wx-config, ƙaramar manhajar da ke zuwa da laburaren, ta san amsa:

g++ main.cpp $(wx-config --cxxflags) -o manhaja $(wx-config --libs)

A tabbatar dai wx-config ɗin ginin da ka yi ce ke amsawa, ba wadda manajan ƙunshi ya girka ba. Umarnin wx-config --version da --prefix za su nuna. Kuma jerin abubuwan da ke cikin umarnin g++ ɗin yana da ma'ana. Linka ta GNU daga hagu zuwa dama take karatu, tana ɗaukar abin da aka riga aka nema kaɗai daga ɗinkakken laburare. In laburare ya zo kafin main.cpp, za ta wuce shi ba ta ɗauki komai ba. Haka ma tsakanin laburaren: mai buƙata a gaba, wanda ake buƙata a baya, core kafin base, base kafin zlib da laburaren Windows irin su comctl32 da ole32. Mai CMake zai huta da wannan da find_package(wxWidgets REQUIRED COMPONENTS core base).

Ƙananan abubuwa uku na Windows. Ba tare da -mwindows ba, baƙin allo zai riƙa buɗewa a bayan tagarka. Mai laburaren .dll yana buƙatar -DWXUSINGDLL. Sannan fayil ɗin .rc mai kiran wx/msw/wx.rc, wanda windres ke ginawa, shi ke sa maɓallai su fito da kamannin zamani. In babu shi sai su yi kama da na Windows ɗin da. Rubutun da ke da haruffan da ba na ASCII ba kuma, a adana fayil ɗin a UTF-8, a shigar da shi ta wxString::FromUTF8, a ba MSVC /utf-8.

Ta ginu, ta ƙi tashi

A Linux saƙon shi ne "error while loading shared libraries". Umarnin ldd manhaja zai jero duk abin da take nema, ya rubuta "not found" a gaban wanda ya ɓace. In a /usr/local ka girka, galibi sudo ldconfig ya isa. In a foldarka ne, ko ka saita LD_LIBRARY_PATH, ko ka rubuta hanyar a jikin manhajar da -Wl,-rpath, wanda ya fi ɗorewa.

A Windows abin yakan ɓoye har sai ka kai manhajar wata na'ura, ko ka danna ta daga wajen MSYS2, inda PATH ba ya nuna foldar kwamfaila. Ban da fayilolin wx, manhajar GCC na neman libstdc++-6.dll da libgcc_s_seh-1.dll da libwinpthread-1.dll. Umarnin objdump -p manhaja.exe zai nuna su a layukan "DLL Name", kuma kowane .dll ma a duba nasa. A kwafo su daga C:\msys64\ucrt64\bin a ajiye gefen fayil ɗin .exe, domin foldar manhaja Windows ke fara dubawa, PATH ne na ƙarshe. Kada a sauko da su daga shafukan da ke raba .dll ɗai-ɗai. Ban da haɗarin cutar kwamfuta, libstdc++-6.dll na wata kwamfaila suna kaɗai ya yi tarayya da naka, kuma sakamakonsa shi ne saƙon cewa ba a sami mashigar wani aiki ba, ko lambar 0xc000007b, wadda galibi ke nufin an gauraya bit 32 da 64.

Ranar da pacman ko apt ya ɗaga GCC zuwa wata babbar siga, a goge foldar gini a sake gina laburaren da manhajar tare. Don haka umarnin cmake ɗin da ka yi amfani da shi, da sigar kwamfaila, da sigar wxWidgets, a rubuta su a fayil ɗaya a ajiye cikin ma'ajin manhajar, yadda duk wanda zai gina ta bayanka zai bi saiti iri ɗaya.